Ƙaramin banɗakin Hajiya: zan iya mayar da shi na tayil gaba ɗaya da hannuna?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah a Zariya. Ya ce banɗakin ɗakin mahaifiyarsa ƙarami ne, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, ginin bulon siminti ne, a ƙasa yake ba a bene ba. A ciki akwai wurin wanka da aka kewaye da ɗan tudu, sai masai na tsuguno. Gwiwoyin Hajiya sun fara ciwo, tsallake tudun nan yana ba ta wahala, akwai ranar ma da santsi ya kusa kayar da ita. Bangon ɗakin kwananta ta bayan banɗakin kuma ya yi jirwaye, fenti sai ɓarewa yake yi. Yana so ya fasa komai, ya shimfiɗa tayil ƙasa da bango, babu tudu babu shamaki, duk ruwan ya bi rariya ɗaya. Shi ma'aikacin ofis ne, bai taɓa gini ba, amma yana da Asabar da Lahadi. Ya ce ko zai iya?

Malam, Allah ya saka maka da alheri, Allah kuma ya ƙara wa Hajiya lafiya. Za ka iya mafi yawan aikin nan. Fashe-fashe, kwashe ɓaraguzai, shafa maganin hana ruwa, manna tayil ɗin bango, cike tsakaninsu, duk wannan haƙuri yake so fiye da ƙwarewa. Abu uku ne zan ce kada ka sa hannu kai kaɗai: haɗa bututu, aikin wuta, da zuba daɓen gangare. Na biyun farko ka kira masu sana'ar. Na ukun ka ɗauki birkila na wuni guda, amma ka tsaya a kansa da abin awo a hannunka, don a nan ne ake cin aikin ko a faɗi.

Kafin mu taɓa guduma bari in gyara maka wani zato da kusan kowa yake zuwa mini da shi. Tayil ba ya hana ruwa shiga gini. Fuskarsa dai ba ta shan ruwa, amma layin da ke tsakanin tayil da tayil siminti ne, siminti kuwa yana sha. Kullum Hajiya ta yi wanka, wani ɗan kaso na ruwan yana ratsa waɗannan layukan ya shige ƙarƙashi. Idan bai tarar da abin da zai tare shi ba, sai ya jiƙa daɓen, ya bi gindin bango ya hau kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Jirwayen da kake gani a ɗakin Hajiya tarihin wannan tafiyar ce. Saboda haka ainihin banɗakin da za ka gina yana ƙarƙashin tayil, inda babu baƙon da zai taɓa gani: gangare da zai kai ruwa rariya, da fatar da za ta hana shi shiga siminti. Tayil riga ce kawai da ake saka wa waɗannan biyun.

Ka fara da rufe ruwa daga tanki, ka cire famfo da shawa, ka toshe bakin bututun masai da tsumma a cikin leda don kada ɓaraguzai su faɗa, kada kuma wari ya cika gidan. Sannan ka fasa tudun da tsohon daɓen. Sa tabarau da takunkumi, tsinin fasasshen tayil ba ya jin bari. Tambayar da za ta taso nan take ita ce: zurfin nawa za a fasa? Lissafin ba wuya. Gangaren da ake so santimita 1.5 zuwa 2 ne a kowace mita. Idan rariya tana can ƙarshen banɗakin, ƙofa tana wannan ƙarshen, tazarar kusan mita 2 ce, ke nan bakin ƙofa zai fi bakin rariya tudu da santimita 3 zuwa 4. Daɓen a wurin da ya fi siranta, wato bakin rariya, kada ya gaza santimita 3, don haka a bakin ƙofa ya kai 6 ko 7. Ɗora gam da tayil, santimita 1.5. Sannan kana so ƙasan banɗakin a bakin ƙofa ya yi ƙasa da na ɗaki da kamar santimita 1 zuwa 1.5, abin da ƙafar tsohuwa ba za ta yi tuntuɓe da shi ba amma ruwa ba zai haura ba. Idan ka tara, santimita 10 ke nan ƙasa da daɓen ɗakin Hajiya.

Tunda za ka cire masai na tsuguno ka sa na zama saboda gwiwoyin Hajiya, da wuya ba ka huda kankaren ƙasa har ka ga jar ƙasar ciko ba. Duk inda haka ta faru, kada ka cike ramin da ɓaraguzai ka rufe. Mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan kana yayyafa ruwa kana dandaƙewa, shimfiɗa leda mai kauri, ka zuba kankare na santimita 8 zuwa 10. Ciko maras dandaƙa yana zaunawa bayan damina ɗaya ko biyu, daɓen ya tsage, maganin hana ruwan ya tsage tare da shi.

Yanzu falamba. Idan tsofaffin bututun ƙarfe ne a bango, a cire su duka, kada ka ji tausayinsu. Tsatsa ta ci cikinsu ko da wajensu ya yi kyau, kuma mai yiwuwa su ma suna da hannu a jirwayen nan. A sa na PPR, koren nan da ake haɗawa da zafi. Bayan an haɗa, a toshe bakunan a saki ruwa, a bar su kwana guda a buɗe kafin a rufe da filasta. Ka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, ɗigo ɗaya zai nuna kansa. Bututun masai inci 4 ne, na rariyar ƙasa inci 2, kuma shi ma yana son nasa gangaren, kamar santimita 2.5 a kowace mita, ba a kwantar da shi a miƙe. Rariyar kanta ka sayi mai tarkon ruwa a ciki, wadda ake ɗage murfinta a ciro ɗan kofin a wanke. Ruwan da ke zaune a kofin nan shi ne ƙofar da ke tsakanin banɗaki da warin sokawe da kyankyasai. Mai murfin ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi, ta roba tana karyewa a ƙarƙashin bokiti. Kuma kada falamba ya yi maka dabarar jona rariyar kai tsaye da bututun masai don ragin wahala. Ta fita da nata bututun.

Inda za a sa rariyar ba batun injiniya kaɗai ba ne, batun tsarki ne ma. A gidajenmu ruwa ba daga shawa kaɗai yake zuba ba. Ana kama ruwa da buta, ana wanke ƙasa, wasu a nan suke alwala. Ka tsara wurin yadda ruwan da ya fito daga gefen masai ba zai ratsa ta inda Hajiya ke tsayawa wanka ko alwala ba kafin ya kai rariya, kuma ba zai bi ta bakin ƙofa ba. A banɗaki irin naka, abin da na fi yi shi ne shawa a kusurwar ƙarshe, masai a gefenta, rariya a jikin bangon ƙarshe a tsakaninsu, ta ɗan fi kusa da shawa. Kowane ruwa sai ya gangara nasa ba tare da ya taka na wani ba. Tunda bututun masai ma za a taɓa shi, ka duba fuskar da sabon masan zai kalla; mutanenmu ba sa son ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kuma yanzu ne gyaran ba zai ci maka komai ba.

Sai ranar daɓe. Kwaɓin siminti ɗaya ne, yashi huɗu, wato buhu ɗaya mai kilo 50 da kwanon sarki takwas na yashin kogi mai kaifi, wanda babu laka a cikinsa. Buhu biyu za su ishe ka har da gyaran bango, ko Dangote ne ko BUA ko Ashaka, duk wanda ka samu sabo bai dunƙule ba. Kwaɓin kada ya yi ruwa-ruwa. Idan ka damƙa ya dunƙule a hannunka bai ɗiga ba, ya yi. Mai ruwa da yawa ba ya riƙe gangare, yana kwanciya ne ya daidaita kansa, sannan ya tsattsage in ya bushe.

Ga abin da za ka yi kafin birkila ya zo. Ja layi madaidaici a bangon banɗakin zagaye, mita 1 sama da daɓen ɗakin Hajiya, da tiyon ruwa ko sandar awo mai kumfa a tsaka. Daga wannan layin ake auna komai zuwa ƙasa. Auna inda saman daɓe zai tsaya a bakin rariya, ka yi alama. Auna na bakin ƙofa da na kowace kusurwa, ka yi alama. A kowace alama a dasa ɗan guntun tayil a kan curin kwaɓi daidai tsayin da aka auna. Birkila zai ja katakonsa ne daga wannan guntu zuwa wancan. Zai iya ce maka shekararsa ashirin yana yi, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ka yi masa dariya, ka ba shi girmansa, amma ka ce a dasa guntayen. Bambancin santimita ɗaya a mita biyu babu idon da ke kama shi, ruwa kuwa yana kamawa.

Ni kaina da ido aka taɓa kayar da ni. Farkon fara cin gashin kaina na yi wani banɗaki a wani gida, na gama tsaf, tayil kamar madubi, maigidan har da ƙara mini na goro. Bayan kwana huɗu aka aiko. Na je na tarar ruwan wanka yana barin rariya a gefe, yana tafiya salin-alin ya taru a bayan ƙofa, matar gidan ta ajiye tsintsiya musamman don kore shi. Babu wata dabara, sai da na fasa ƙasan gaba ɗaya, tayil da siminti daga aljihuna. Tun daga ranar, washegarin zuba daɓe nake zuwa da bokiti in watsa ruwa a kowace kusurwa in tsaya in ga inda zai nufa. Kai ma ka yi haka. Duk inda ruwa ya kwanta, zagaye wurin da alli, a gyara tun simintin yana ɗanye.

A wannan ranar kuma a yi abu ɗaya da ake yawan mantawa: inda bango ya haɗu da ƙasa, a cike lungun da kwaɓi a shafe shi ya yi ɗan lanƙwasa, kamar faɗin yatsa biyu. Maganin hana ruwa ba ya son kusurwa mai kaifi, a nan yake fara tsagewa. Amma kada a cika shi da yawa har ya hana tayil zama.

Daɓen yana son kwana bakwai ana ba shi ruwa safe da yamma, a rufe shi da buhu ko leda. Idan a hunturu kake aikin, ko a bazarar Zariya, wannan ba abin wasa ba ne, iska tana zuƙe ruwan siminti kafin ya yi ƙarfi, sai ka ga samansa yana zama gari in ka goga ƙafa. A cikin satin nan ka gyara bango: kankare tsohon fenti da ragowar gam har ka kai ga filasta mai ƙarfi, ka ƙwanƙwasa ko'ina, inda ya yi ƙarar fanko ka fasa a sake. Magani ba ya kama fenti, gam ma haka.

To, mun zo kan fatar da na ce. Idan ka shiga kasuwa, ko Sabon Gari ce, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ka ce kana son abin hana ruwa, abu uku za a iya miƙo maka. Na farko 'yar hoda ce ko ruwa da ake zubawa a kwaɓin siminti. Tana rage shan ruwa, ba laifi a sa ta a daɓe, amma ba ta toshe tsaga. Ranar da daɓen ya yi tsagar da ba ta wuce silin gashi ba, aikinta ya ƙare. Na biyu kwalta ce, ko ta shafawa ko ta shimfiɗa da ake gasawa da wuta. Tana hana ruwa ƙwarai a kan dakin, wato rufin kankare, amma gam ɗin tayil ba ya kama ta, don haka ba ta bangon banɗaki ba ce. Na ukun shi kake nema: maganin shafawa mai haɗi biyu, buhun gari da jarkar farin ruwa kamar madara, a gauraya su ya zama kamar kunu mai kauri. Kamfanoni irin su Sika da Mapei da Pidilite mai Dr. Fixit duk suna yin sa. Idan ya bushe yana zama fata mai ɗan taushi da ke manne da siminti, gam kuma yana kama ta. Duba ranar da aka yi shi, ka karanta abin da aka rubuta a jikin buhun, ka bi shi sau da ƙafa ko da ya saɓa da abin da na faɗa maka a nan. Kada ka ƙara masa ruwa don ya yi auki. Araha ba ta ado.

Ƙa'ida ita ce a shafe ƙasa duka, bangon wurin shawa har tsayin mita 1.8, sauran bango kuma santimita 30 daga ƙasa. Amma banɗakin da faɗinsa mita 1.5 ne babu bangon da feshin ruwa ba ya kaiwa, don haka ka shafe duka huɗun har mita 1.8 ka huta. Murabba'in mita 14 ke nan ko kusa, kuma yawancin irin wannan magani yana cin kilo 3 zuwa 4 a kowace murabba'in mita idan an yi shafi biyu, ka ga wajen kilo 50 za ka nema.

Share ƙura tas, ka jiƙa simintin ya yi danshi amma kada ruwa ya kwanta. Ka fara da wuraren da ke cin amana: duk lungun da bango ya haɗu da ƙasa, inda bango ya haɗu da bango, gindin kowane bututu da ya ɓullo, bakin rariya, da dokin ƙofa. Shafa magani a wurin, ka danna ƙyallen raga da ake sayarwa tare da shi, faɗin santimita 10 zuwa 12, rabi a bango rabi a ƙasa, ka sake shafe shi har ragar ta ɓace. A bakin rariya, maganin ya hau kan leɓen rariyar ya ɗan leƙa ciki, yadda ruwan da ya bi ta ƙarƙashin tayil zai zube a cikinta, ba a gefenta ba. Cikin banɗakuna goma da aka kira ni don suna yoyo, mafi yawansu a wannan ɗan zoben ne matsalar take. A ƙofa kuma maganin ya haura dokin ƙofar ya shiga gefen ɗaki da tafin hannu guda. Daga nan sai shafin farko da buroshi mai tauri, kana jan sa gefe guda, a ce daga hagu zuwa dama. Idan ya bushe yadda yatsa ba ya ɗaukarsa, sai shafi na biyu daga sama zuwa ƙasa, a gicciye, don ya rufe 'yan ƙofofin da na farko ya bari. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da za ka gama cikin rabin awa, don zafi yana daskarar da shi a bokiti. Ka fara daga ciki ka ƙare a ƙofa, kada ka rufe kanka a lungu.

Bayan kwana uku sai jarrabawa. Toshe rariya da tsumma a leda, ka yi ɗan shinge na kwaɓi a ƙofa, ka cika ƙasan da ruwa har ya hau bango da santimita 3 zuwa 5 a wuri mafi tudu. Yi alama a bango daidai bakin ruwan, ka ajiye kwano da ruwa a gefe shi ma da alamarsa, ka rufe taga da ƙofa, ka bar shi awa 24, in ka iya 48. Abin da iska ta sha za ka gan shi a kwanon. Idan na ƙasa ya ragu fiye da na kwano, ko bayan bango ya yi sabon danshi, akwai ɓaraka, ka nemo ta ka ƙara shafi. Mutane suna tsallake wannan don gaggawa, alhali ita ce rana ta ƙarshe da gyara zai ci maka buroshi ɗaya kawai.

Zaɓen tayil: na bango ka bar wa Hajiya da matan gida, duk wanda ya yi musu. Na ƙasa kuwa kada ka bari a yi zaɓen ido. Mai sheƙin nan na falo, da zarar sabulu ya hau shi ya zama tarko, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Nemi mai kaushi, wanda aka rubuta R10 ko R11 a kwalinsa, R11 ya fi. Idan babu rubutu, ka sa mai shago ya zuba ruwa a kan ɗaya ka goga tafin hannunka, ko ma ka cire takalmi ka taka. Irin da ake kira fosilen ya fi dacewa da ƙasa, don shan ruwansa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Girmansa kada ya wuce 30 da 30. Manyan nan masu 60 da 60 da ake yayi ba sa lanƙwasa su bi gangaren da ya nufi rariya daga ko'ina. Dole a yanka su a karkace, in ba haka ba gefen wani ya ɗaga ya tare ruwa ya kuma yanki yatsa. Ƙananan kuma suna da yawan layi, layin yana ƙara riƙe ƙafa. Ƙasa murabba'in mita 3 ne, ka sayi 3.5. Bango har tsayin mita 2.1, in an cire ƙofa, wajen 13 ne, ka sayi 15. Ka tabbata lambar rukuni ɗaya ce a duk kwalayen, don launi yana ɗan bambanta.

Masu tayil da yawa a nan sun saba jiƙa tayil su ɗora shi a kan siminti zalla, a bango kuma su ɗana masa curi biyar a baya su manna. A kan maganin hana ruwa wannan ba ya yi. Siminti zalla ba ya kama fosilen da kyau, curi-curin nan kuma yana barin kogo a bayan tayil inda ruwa da kyankyasai ke zama. Sayi gam ɗin tayil na buhu, wanda aka rubuta C2 a jikinsa. Buhu mai kilo 20 yana yin murabba'in mita 4 zuwa 5. Shafa shi da cokali mai haƙora na milimita 8 ko 10, layukan su tafi gefe guda, ka ɗan shafa siriri a bayan tayil ɗin ma, ka danna kana ɗan murza shi. Lokaci-lokaci ka ɓanɓaro ɗaya ka duba bayansa, gam ya kamata ya rufe shi kusan duka. Kada ka shafa fiye da wurin tayil huɗu ko biyar a lokaci guda. Idan ka taɓa gam ɗin bai manne a yatsanka ba, ya yi fata, kankare shi ka sa sabo.

Ka fara da bango, amma daga layi na biyu, a kan miƙaƙƙen katako da ka tokare daga ƙasa da bulo. Kada ka buga masa ƙusa, za ka huda fatar da ka sha wahalar yi. Shimfiɗa kwali a ƙasa kafin ka fara takawa. Idan bango ya kama sai ƙasa, kana farawa daga rariya kana fita, murfin rariyar ya yi ƙasa da tayil da milimita 1 ko 2. Layin bango na ƙasa shi ne na ƙarshe, ya sauko ya zauna a kan tayil ɗin ƙasa, yadda ruwan da ya biyo bango zai sauka a kan fuskar tayil. Sa 'yan robobin tazara na milimita 2 ko 3. Bayan awa 24 ka cike layukan da garin cike layi na buhu, wanda ya fi farin siminti zalla juriya. Mai ruwan toka ya fi fari rufa asiri a ƙasa. Lunguna kuwa, da gindin bututu da zagayen masai, ba a cika su da siminti, silikon na banɗaki ake sa musu, saboda nan ne gini ke motsi.

Masai na zama a kan tayil ake ɗora shi bayan an gama, ba a binne gindinsa a siminti. Duk ramin da aka huda don kusa, a cika shi da silikon kafin a ɗaura. Ƙofar katako ba ta daɗewa a irin wannan banɗaki, ta almuniyom ko ta roba ta fi, a bar tazarar yatsa a ƙasanta don iska. Makunnin fitila ya koma waje, babu soket a ciki, fitila mai rufi. Idan za a sa hita, mai aikin wuta ya haɗa mata wayar ƙasa da na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30. A banɗakin da ƙasansa duka jiƙe yake kuma mutum ba takalmi, wannan ba a ciniki a kansa.

Ga masu karatu da nasu yake a bene: kada ku sassaƙe dakin don neman zurfi, rodin da ke ciki shi ke riƙe da ku. Sai dai a ɗaga daɓen a yarda da ɗan tudu a ƙofa, ko a saukar da tarkon rariya ta ƙarƙashin dakin. Kuma ku jarrabawar ruwa awa 48 ce, kuna leƙa silin ɗin ƙasa.

Da Asabar da Lahadi kaɗai, ka sa a ranka wata guda zuwa sati shida, galibinsa jiran bushewa ne. Ka tanadar wa Hajiya inda za ta riƙa shiga kafin ka ɗaga guduma. Bayan silikon a ƙara kwana uku kafin wanka na farko. Bangon ɗakinta kuma kada ka yi saurin fente shi. Kankare ɓararren fentin ka bar shi ya sha iska, bulon da ya shekara yana shan ruwa yakan ɗauki watanni kafin ya bushe, farin gishirin da zai riƙa fitowa ka goge shi da busasshen buroshi.

Tun kafin ka manna tayil ɗin bango, ka shiga da Hajiya ta nuna maka da hannunta inda take dafawa in za ta zauna da in za ta miƙe. Yawanci yakan faɗo tsakanin santimita 80 da 90 daga ƙasa, amma nata hannun ne ma'auni. Bulon inci 6 da na inci 9 galibi masu rami ne a ciki, kusa ba ta samun abin kamawa, don haka a waɗannan wuraren ka huda ramin bulon ka cika shi da kankare tun lokacin gyaran bango, kafin magani, ka auna wurin daga kusurwa ka rubuta a takarda, ka kuma ɗauki hoton inda kowane bututu ya bi. Ranar ɗaura ƙarfen dafawa, ɗaya a gefen masai ɗaya a wurin shawa, za ka san inda za ka huda. Ka sa mata famfo na ƙasa a tsayin da bokiti da buta za su shiga ƙarƙashinsa, da kujerar roba mai faɗin ƙafafu da za ta zauna a kai ta yi wanka.